Ba Ƙarfin Ƙara Kaɗai Ke Kurmanta Kunne Ba: Darasi Daga Kifin Whale

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, don waɗanda data ta hana su saurara.

Ka taɓa kai niƙa a Gumel ka tarar da layi? Minti biyar a bakin inji ba komai. Amma ka yi awa biyu, in ka fito sai ka ji kunnenka ya yi dum, ana maka magana kamar daga cikin rijiya. Ƙarar injin ba ta ƙaru ba fa, daɗewarka ce ta ƙaru.

To, wannan matsalar ce ke damun ƙaton kifin tekun nan da ake kira whale. Sunan kifi kawai gare shi, amma iska yake shaƙa, yana haihuwa yana shayarwa. Can ƙasan teku duhu ne, don haka da kunne yake rayuwa: neman abinci, kiran 'yan'uwa, gane hanya. Sauti kuwa a ruwa yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa, ya ninka na iska fiye da sau huɗu.

Masana a Amurka sun gwada jin dolfin da farin whale mai suna beluga. Sun gano cewa idan ƙara ta daɗe, jinsu yakan dusashe na ɗan lokaci, kuma tsawon daɗewar na ƙara yawan dusashewar. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kunne ne ke gajiya. In sun samu hutu su farfaɗo, in ba su samu ba su mutu, kuma ba sa sake tsirowa.

Yanzu ku duba tekunmu. Irin whale mai doro kan zo Tekun Gini ya haihu, a yankin da ake neman mai. Jiragen binciken mai sukan harba iska mai ƙara kusan duk daƙiƙa 10, dare da rana, har makonni. Ina hutun yake? Kuma whale da ya kurmance, uwa ba ta jin ɗanta, abinci ma ya gagara.

Mu ma haka kunnenmu yake. A ƙa'idar masana lafiyar ma'aikata, ƙarar desibel 85 awa 8 ce iyakarta, in ta kai 88 sai awa 4. Kai mai kwana da iyafis a kunne, da kai mai wuni kusa da janareta, a riƙa ba kunne hutu.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Mu kwana lafiya.