Cututtukan bazara: abin da likitocin dare ke gani

 

A kowane babban asibiti akwai likitan da ke kwana yana jiran marasa lafiya. Shi ne ke fara ganin cutar da ta shigo gari. Da damina, masassarar cizon sauro ce ke cika masa ɗaki. Amma daga watan Maris zuwa Mayu, sauro ya ragu, sai waɗansu cututtuka su taso: ƙyanda, wadda muke cewa dusa, da zawo, da ciwon ido, da kuma sanƙarau.

Sanƙarau shi ne mafi haɗari. Zafi da ƙura suna busar da hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar cutar ta samu hanyar shiga jini, ta kai ga rigar ƙwaƙwalwa. Ana ɗaukar ta ta tari da atishawa, musamman inda mutane da yawa ke kwana a ɗaki guda babu taga. In ruwan farko ya sauka, takan lafa.

Ku riƙe alamunsa: masassara mai tsanani farat ɗaya, ciwon kai, amai, wuya ya sanƙare, mutum ba ya son haske. Jinjiri kuwa ya ƙi nono, maɗigarsa ta kumbura. In kun ga haka, kada ku ce masassara ce kawai, kada ku sayi ƙwaya a tebur, kada ku jira gari ya waye. Ku ɗaura amalanke ko babur a daren nan, ku tafi gidan likita. Cutar tana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, wanda ya makara kuma ko ya tashi, yana iya kurumcewa.

Wani zai ce an yi masa lamba tun 2010. Gaskiya ne, waccan allurar ta karya sanƙarau iri na A. Amma cutar iri-iri ce. A 2015 iri na C ya ɓarke a Yamai da Doso, har aka rufe makarantun Yamai.

Dusa kuwa, rigakafinta na farawa in yaro ya cika wata 9, akwai allura ta biyu bayan ya wuce shekara. Uwaye, ku ɗauko katin awon yaranku, yanzu kun iya karatu, ku duba ko an rubuta duka biyun.