Takardun Izini a Cikin Manhajar Kyauta

Manhajar kwamfuta wadda aka bar wa kowa ya duba rubutunta kyauta ce, amma tana da masu ita. A cikin ƙunshinta akan tarar da takardar izini mai suna LICENSE. Izinin Apache na 2004 ya ambaci wata kuma, watau NOTICE, inda ake rubuta sunayen mawallafa. Malamin da zai kwafa wa wani ofis irin wannan manhaja, lalle ne ya haɗa da su, in kuwa ya canja wani abu, ya rubuta cewa ya canja. Waɗansu sukan share takardun, wai tarkace ne. Yin haka karya sharaɗi ne, mai haƙƙi yana iya kai ƙara. Hakimai su duba kafin a aika.