Yadda ake zaɓen kyamara da saita ta domin ɗaukar hoton HDR a ranar Yola

Masu sana'ar ɗaukar hoto a Yola da Jimeta sun daɗe suna fama da matsala guda. A wajen ɗaurin aure da hantsi, farar babbar riga takan fito fat babu alamar aikin da aka yi mata, fuskar mai rigar kuma ta nutse cikin inuwar rumfa. In an gyara fuska riga ta ƙone, in an gyara riga fuska ta ɓace, ga shi ba a maimaita ɗaurin aure saboda mai hoto.

Dalili shi ne idon mutum yana iya ganin wuri mai tsananin haske da mai duhu a lokaci guda, amma kyamara ba ta kai shi ba. Dabarar da ake kira HDR ita ce a ɗauki wuri ɗaya sau uku ko fiye, ɗaya da duhu, ɗaya daidai, ɗaya da haske, sannan a haɗe su. Tun a shekarun 1850 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, yake ɗaukar teku daban da sama daban ya haɗa. A 2010 kamfanin Apple ya sanya dabarar a wayar iPhone.

Wajen sayen kaya, tsadar kyamara ba ita ce ma'auni ba. Abin dubawa shi ne ko tana da tsarin AEB, wanda ke ɗaukar hotunan a jere da kansa, da kuma ko tana adana hoto a tsarin RAW, wanda ke riƙe bayanai fiye da JPEG. Sai matsayi mai ƙafa uku, domin motsi kaɗan tsakanin hotunan yakan sa abu ya fito biyu-biyu.

Wajen saiti, ana sa kyamara a kan A ko Av, a tsayar da buɗin ido a f/8 ko f/11, ISO kuma a 100. Saurin ɗauka kaɗai ake bari ya sauya. Tazarar da aka fi amfani da ita ita ce -2 da 0 da +2, kuma kowane mataki ɗaya yana ninka haske sau biyu. Ana kulle wurin da ido ya saita da ma'aunin launi, a sa jinkirin daƙiƙa 2 don kada yatsa ya girgiza kyamara. Manhaja irin su Lightroom ko Photomatix ce ke haɗe hotunan.

Dabarar ta fi dacewa da abin da ba ya motsi, kamar gadar Jimeta a kan Kogin Binuwai da faɗuwar rana, ko Tafkin Geriyo da sassafe, ko angon da ya yarda ya tsaya cak. Dawakan hawan sallah a ƙofar Fadar Lamido ba za su jira hoto uku ba. A nan hoto ɗaya na RAW ya fi, a auna shi da farar riga, a ɗaga inuwa daga baya. Lokacin hunturu kuwa, hazo da kansa yana rage tazarar haske da duhu, saboda haka sau da yawa hoto ɗaya ya wadatar.

Ga masu hoton jarida akwai ƙarin hattara. Gasar World Press Photo ba ta karɓar hoton da aka haɗa daga ɗauka fiye da ɗaya, don haka ya kamata ɗan jarida ya san ƙa'idar gidan da yake wa aiki kafin ya tura hoton HDR.