Jami'ar Intanet da Batun Lasisi: Abin da Ya Kamata Mai Sana'ar Fasaha Ya Sani

A unguwannin Kaduna irin su Kawo da Unguwar Rimi da Malali da Tudun Wada akwai matasa masu ɗimbin yawa da ke cin abinci da basirarsu. Wasu teloli ne masu ƙirƙiro sababbin ɗinkuna, wasu masu ɗaukar hoto da tace finafinai, wasu kuma masu zane da kwamfuta ko haɗa sautin waƙa. Da yawa daga cikinsu suna son ƙarin ilimi, amma ba za su iya rufe shago su koma aji na shekara huɗu ba. Irin waɗannan ne tallace-tallacen jami'o'in intanet suka fi nufa, inda ake yi musu alkawarin digiri ta wayar hannu, cikin sauƙi da rahusa. Tambayar da ta kamata su fara yi ita ce: wa ya ba wannan jami'a izinin bayar da digiri?

Karatu Daga Nesa Ba Baƙo Ba Ne

Tun a shekarar 1858 Jami'ar Landan ta buɗe ƙofar jarrabawarta ga waɗanda ba su zauna a azuzuwanta ba, kuma 'yan Nijeriya da dama sun sami digirinta ta hanyar wasiƙa a zamanin Turawa. A 1969 Ingila ta kafa buɗaɗɗiyar jami'arta, wadda ta riƙa koyarwa ta rediyo da talabijin da littattafan da ake aikawa ta gidan waya.

Kaduna tana da babban rabo a wannan tarihi. A 1976 aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wato NTI, wadda hedkwatarta ke kan hanyar Zariya, domin malaman firamare su ƙaro ilimi ba tare da sun bar ajinsu ba. A 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, sojoji suka dakatar da ita a 1984, sannan gwamnatin Olusegun Obasanjo ta farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Wannan jami'a, da aka fi sani da NOUN, tana da harabar karatu a kan ita hanyar Zariyar. Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da cibiyarta ta karatu daga nesa. Saboda haka nisa tsakanin malami da ɗalibi ba aibu ba ne. Intanet hanya ce kawai da ta maye gurbin ambulan da kan sarki.

Wa Ke Bayar da Izini?

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ce doka ta ɗora wa wannan nauyi. An kafa ta a 1962 a matsayin mai bayar da shawara, ta sami cikakken ikon doka a 1974, sannan Doka ta 16 ta 1985 ta ba ta ikon tsara mafi ƙarancin ma'aunin karatu da tantance kwasa-kwasai. Wannan tsauri yana da dalili. A farkon shekarun 1980 jami'o'i masu zaman kansu fiye da ashirin suka ɓullo cikin ɗan lokaci, akasarinsu ba malamai ba kayan aiki, har gwamnati ta soke su baki ɗaya a 1984. Sai a 1993 doka ta sake buɗe ƙofa bisa sharuɗɗa, kuma sai a 1999 aka ba ukun farko lasisi, wato Igbinedion da Babcock da Madonna. A 2023 aka ba wasu buɗaɗɗun jami'o'i masu zaman kansu lasisi, cikinsu har da Miva a Abuja da Iconic a Sakkwato.

Izinin hawa uku ne, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Na farko shi ne lasisin ita jami'ar kanta. Na biyu shi ne amincewa da kowane kwas kafin a fara shi, bayan an duba malamai da ɗakin karatu da kayan aiki. Wanda aka amince a koyar da shi a aji ba lalle ne an amince a koyar da shi daga nesa ba. Na uku shi ne tantancewar da ake maimaitawa lokaci lokaci. Kwas ɗin da ya sami maki 70 cikin ɗari ko sama, tare da cika sauran sharuɗɗa, yakan sami cikakkiyar amincewa ta shekara biyar. Wanda ya sami 60 zuwa 69 yakan sami ta wucin gadi ta shekara biyu, wanda ya gaza haka kuwa a hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai. Ke nan jami'a na iya zama halastacciya, amma wani kwas nata bai da izini.

Takardar rajistar kamfani da hukumar CAC ke bayarwa ba ta cikin waɗannan hawa uku. Ita shaida ce cewa an yi rajistar sunan kasuwanci, irin wadda mai gidan burodi ma yake da ita.

Darasi Daga Kimiyyar Halittu

A 1862 wani masanin halittu ɗan Ingila, Henry Walter Bates, ya bayyana abin da ya lura da shi a dazuzzukan Amazon. Wasu nau'o'in malam-buɗe-littafi marasa guba suna da launi irin na masu guba, sai tsuntsaye su guje su. Haka ma akwai ƙudajen furanni masu ratsin baƙi da rawaya kamar zanzaro, alhali ba su da harbi. Ɗalibin kimiyya yakan bambance su ta ƙirga fukafukai: zanzaro da zuma huɗu gare su, ƙuda kuwa biyu.

Jami'ar bogi da wannan dabara take rayuwa. Tana kwaikwayon abin da ido ke gani, kamar tambari da rigar yaye ɗalibai da suna mai kama da na wata fitacciyar jami'ar Amurka ko Ingila. Wani lokaci har takan nuna takardar tantancewa daga wata ƙungiya da masu ita suka ƙirƙira. Abin da ba ta iya kwaikwaya shi ne sunanta a jerin da NUC ke wallafawa. Hukumar tana kuma fitar da jerin haramtattun cibiyoyi, wanda ya sha haura suna hamsin.

Illar ba ƙarama ba ce. A watan Disamba na 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga rahoton wakilinta Umar Audu, wanda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya halarci darasi ba. A Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, kuma a watan Agusta na wannan shekara Ministan Ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce an gano 'yan Nijeriya fiye da 22,000 da ke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu. Matakin ya jefa har waɗanda suka yi karatu na gaskiya cikin zargi.

Gwaninta Daban, Takarda Daban

Mai sana'ar fasaha yana da wata dama da likita ko lauya ba shi da ita. Wadda ta kawo ɗinkin biki ba ta tambayar digirin tela, aikinsa take dubawa. Don haka gajeren kwas na intanet kan tace bidiyo ko lissafin riba yana iya amfanarwa ƙwarai, ko da takardar da za a bayar shaidar halarta ce kawai. Matsala takan taso ne idan an sayar da shi da sunan digiri, mai shi ya kai shi wurin neman aikin gwamnati, ko bautar ƙasa, ko digiri na biyu, a ce ba a san shi ba. A lokacin kuɗi da shekaru sun riga sun tafi.

Akwai kuma hanya ta uku, kuma ofishinta a Kaduna yake. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977, tana da hedkwata a Titin Bida. Ita ke kula da kwalejojin kimiyya da fasaha, da cibiyoyin koyar da sana'o'in ƙirƙira masu zaman kansu, da kuma tsarin shaidar ƙwarewa ta ƙasa, wanda ke auna abin da mutum ya iya yi da hannunsa. Ta wannan tsari Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta yi aiki da masu sana'a na kasuwar Panteka. Ga mai sha'awar fim kuwa, akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos, wadda ke da alaƙa da Jami'ar Jos.

Kafin a Biya Kuɗi

Malaman sakandare, musamman masu ba ɗalibai shawara, suna iya koya musu bincike mai sauƙi. A duba sunan makarantar harafi da harafi a jerin NUC ko na NBTE, domin na bogi kan sauya kalma ɗaya ne kawai. A nemi shaidar cewa shi kwas ɗin an amince a koyar da shi daga nesa. A tambayi inda ake rubuta jarrabawa da wanda ke sa ido. In jami'ar ta ƙasar waje ce, a bincika ko hukumar ilimi ta ƙasarta ta san da ita, a kuma tuntuɓi Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, wadda ke tantance takardun ƙetare, tun kafin a fara. Duk wadda ta yi alkawarin digiri cikin 'yan watanni, ko ta ce a tura kuɗi asusun wani mutum, a yi hattara da ita.

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Wannan bincike bai wuce aikin yini guda ba, kuma ga mazaunin Kaduna ofishin NBTE da harabar NOUN duk tafiyar mota ɗaya ce daga tsakiyar gari. Ɗalibin da aka koya wa ƙirga fukafukan ƙwaro kafin ya raɗa masa suna ya riga ya san yadda ake yin sa.