Sarkin Jamus a tangaran, sarkin Muniyo a bakin maroƙi

A watan Yulin 1870 wani likita Bajamushe, Gustav Nachtigal, wanda mutanen Barno suka sani da Idris Efendi, ya shiga Kukawa da kaya niƙi-niƙi. Saƙo ne daga Sarki Wilhelm na Farko na Prusiya zuwa ga Shehu Umar, tukuicin kyakkyawar tarbar da Barno ta yi wa matafiyan Jamus. Mu mutanen Gure muna da rabo a wannan godiya, domin Heinrich Barth, wato Abdul Karim, ya sauka a garinmu a watan Disambar 1852 a hanyarsa ta zuwa Damagaram, ya gana da Muniyoma Koso, lokacin ƙasar Muniyo tana bin Barno.

Cikin kyautar akwai kujerar sarauta, da bindigogi, da hotuna uku masu girman mutum: na sarkin, da na matarsa Augusta, da na ɗansa mai jiran gado. Labarin hotunan ya riga su isa fada, har Shehu ya shiga damuwa kada a ce gumaka aka kawo masa. Nachtigal ya rubuta cewa da aka warware su, Shehu ya ga zane ne shimfiɗe a kan ƙyalle, ba ya yin inuwa, sai hankalinsa ya kwanta. Wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san wannan mas'ala ta Malikiyya: surar mai rai da aka sassaƙa har tana da inuwa ita ce abin hani, zanen da ke shafe kuwa hukuncinsa ya fi sauƙi.

Da a ce abin da Jamusawa suka fi ji da shi aka aiko, da an sha wuya a fadar nan. A can, mutum-mutumin sarki daga kai zuwa ƙirji, na farin tangaran, kayan ado ne na falo. Sarki Augustus na Saksoni ya kafa masana'antar Meissen a 1710, ita ce ta fara yin tangaran na ainihi a Turai. A 1763 Sarki Frederick Mai Girma ya sayi ta Berlin, wadda ake kira KPM, ta zama mallakar sarauta. Masana'antun suna ƙona mutum-mutumin ba tare da shafa masa ruwan ƙyalli ba, don ya fito fari fat kamar dutsen marmara. Sarauta ta faɗi a Jamus a watan Nuwambar 1918, Wilhelm na Biyu ya tsere Holan, ya mutu can a 1941, amma kawunan tangaran ba su bar kasuwa ba. Har gobe akwai masu tara su.

Yadda suke sayen su ne abin da ya fi ɗaukar hankalina. Mai tarawa ba ya fara da fuskar sarki. Juya kayan yake yi ya duba gindi, kamar yadda uwar amarya ke kifa kwano a kasuwar Dole ta ga hatimi kafin ta saya don jere. Takubba biyu shuɗɗa a gicciye alamar Meissen ce; sandar sarauta shuɗiya ta Berlin ce. Sai ya duba hanci da kunne, inda karaya ke fara kamawa, ya haska fitila ta musamman ya gano wurin da aka liƙe. Hatimi kaɗai ba ya isa, saboda masana'antun sun ci gaba da zuba sababbi a tsofaffin mazubai, ga kuma 'yan jabu. Don haka abin da ke ɗaga farashi shi ne takarda: wane gida ya fito, wa ya gada, a wace shekara ya canza hannu.

Mu ba mu ajiye sarakunanmu a yumɓu ba, kuma ban ga asara a nan ba. Fuskar Sarki Tanimun na Damagaram ba ta kan kantar kowa, amma sunansa yana bakin maroƙa, ga fada tsaye a Birni. Sarki a wurinmu yana rayuwa ne cikin tambari da kakaki, da alkyabba, da takobi, da sirdin da ake fitarwa ranar hawan salla. Waɗannan su ne kayan tarihinmu, kuma su ne suke zurarewa ba tare da an rubuta ko layi ɗaya ba.

Na taɓa tsayawa a wani zaure nan Gure ana cinikin takobi. Kubensa na jar fata ne ya yi baƙi don tsufa, ƙotarsa da zoben tagulla, ga wasu alamu a jikin ƙarfen kusa da mariƙi. Dillalin ya zare shi, ya ɗan lanƙwasa ya saki ya ji ƙararsa, ya faɗi kuɗi. Bai tambayi mai shi na asali ba. Dattijon gidan ya san sunan kakan da ya rataya shi, ya san yaƙin da aka je da shi, amma shekarar ta zo da ƙarancin hatsi, rumbu kuma ba ya jiran tarihi. Ba na zargin dattijon ko kaɗan. Abin da ya ci mini rai shi ne takobin ya fita ƙofa, labarinsa ya tsaya a zaure, yau kuwa mai labarin ya riga mu gidan gaskiya.

Kawunan yumɓu ma muna da su a Nijar, sai dai a ƙarƙashin ƙasa. A 1975 aka gano wurin Bura a yankin Tera, a 1983 masanin tarihi Boube Gado ya haƙa maƙabartar Asinda-Sikka, ya fito da tukwanen binne matattu masu kawunan mutane, har da mahayin doki, aikin da ya faro tun wajen ƙarni na 3. Bayan an nuna su a Faransa a 1993 sai masu tara kaya suka yi ca, 'yan haƙa suka afka wa wuraren da diga da shebur. A 2000 hukumar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su cikin jerin kayan da ta gargaɗi kowa kada ya saya, tare da na Nok a Najeriya. Kan da aka fizge daga kabari cikin dare ya rabu da ƙasar da za ta faɗi shekarunsa, ya rabu da ƙasusuwan da za su faɗi ko wane ne. Mai sayen kan Frederick ya san masana'anta da mazubi da shekara; mai sayen kan Bura bai san ko sarki ne yake riƙe da shi ko talaka ba.

Na san akwai masu cewa gumakan jahiliyya ne, a bar su su tafi. Ba wanda ya ce a girka su a ɗaki. Ajiye su a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai don ɗalibi ya san su wa suka zauna ƙasar nan kafin mu, wannan neman ilimi ne.

Abin da ke hannunmu a Gure bai buƙatar kuɗin gwamnati. Kowane gidan sarauta, daga Gure har ƙauyukan Muniyo, yana da tsoho ɗaya da ya san asalin tambari ko sulke ko alkyabbar gidan. A zaunar da ɗan makaranta gabansa da littafi da wayar ɗaukar hoto, ya rubuta da boko ko da ajami: sunan mai kayan, maƙerin ko badukun da ya yi aikin, da sarkin da aka yi wa. A ɗaura kwafi ɗaya a jikin kayan, a kai ɗaya fada.