Rikicin Tsufa da Rabon Gado a Cikinsa

A Maradi, idan dattijo ya soma tambaya ko an yi azahar alhali yanzun nan ya sallame, ko tsohuwa ta ɓoye kuɗinta ƙarƙashin tabarma sannan ta tashi gida da kururuwar an yi mata sata, akan ce rikicin tsufa ne, a yi haƙuri. In kuwa aka tuna mahaifiyarta ma haka ta ƙare, sai zance ya koma na gado, har masu neman aure a gidan su fara ja da baya. Maganar gadon nan tana da asali, sai dai jama'a sun kai ta inda ilimi bai kai ta ba.

Galibin wannan lalura cuta ce ta ƙwaƙwalwa, wadda wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Akwai nau'inta da ke bin zuriya kai tsaye, ya kama mutum tun yana ɗan shekara 40 ko 50, amma nadiri ne ƙwarai. Wanda muka saba gani shi ne mai zuwa bayan shekara 65, kuma sha'aninsa daban ne.

A 1993 masana a Jami'ar Duke ta Amurka suka gano cewa wata ƙwayar halitta mai suna APOE, wadda aikinta jigilar kitse cikin jini da ƙwaƙwalwa, tana da hannu a lamarin. Iri uku gare ta, kowane ɗan Adam yana karɓar ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa, kuma wanda ake kira e4 shi ne mai ƙara haɗari: a cikin Turawa, mai guda ɗaya haɗarinsa yakan ninka kamar sau uku, mai biyu kuwa wajen sau goma. Amma kada a yi ƙiyasi da sikila, inda yaron da ya haɗa biyu ba makawa yana da ciwon, domin mutane da yawa sun ɗauki e4 har kabari da hankalinsu garau, wasu kuma ba su da ita sun rikice. Haƙiƙa auren zumunci, wanda ba baƙo ba ne a Tibiri ko Jiratawa, yana sauƙaƙa haɗuwar iri ɗaya daga ɓangarori biyu, amma a ganina wannan bai kai hujjar fasa aure ba, balle a yi wa gida tambari.

Hujja mafi kusa da mu daga Badun ta zo. Tun 1992 likitoci suka shiga kwatanta tsofaffin Yarbawa na can da tsofaffin baƙaƙen fata na birnin Indianapolis, suka tarar cutar ta fi ƙaranci a Badun nesa ba kusa ba, kuma tasirin e4 ya fi rauni a cikinsu, ko da yake ƙwayar tana da yawa a jininsu. Suka karkata ga zaton cewa cima da lafiyar jijiyoyin jini suna da rabo babba a wannan bambanci. A 2024 kwamitin mujallar Lancet ya lissafa sabubba 14 da mutum ke da iko a kansu, waɗanda suka ɗauki kusan kashi 45 cikin ɗari na rikicin tsufa, ciki har da hawan jini, ciwon suga, taba, kurumta, rashin karatu da kaɗaici.

Saboda haka wanda ya ga abin a gidansu, awon jini ya fi masa amfani bisa ga fargaba, musamman daga shekara 40, domin hawan jini ba ya sallama; manomi na iya yini a fadamar Jiratawa yana ban ruwa da ƙarfinsa alhali yana ɗauke da shi. A rage gishiri da dunƙulen miya, a duba kunnen tsoho idan ya fara yawan cewa “na'am?”, kada kuma a raba shi da majalisa da masallaci don kawai yana maimaita zance.

Wanda ya riga ya kamu kuwa, malaman fiƙihu sun ce taklifi yana tare da hankali, don haka zargin tsohuwa da maita saboda sambatunta zalunci ne. Idan kuma ruɗewar ta zo farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, da zazzaɓi ko karkacewar baki, to wannan wani ciwo ne daban da sau da yawa ke jin magani, a garzaya da shi babban asibitin Maradi a ranar.