Cinikin Tsohuwar A-Kori-Kura A Ƙasar Anka Da Gummi Da Bukkuyum

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Gusau ta ratsa Anka da Ɗaki Takwas ta nufi Gummi, ya san motar nan da a ke kira a-kori-kura. Sunan kuwa ya samo asali ne daga kura, watau amalanken da ƙarti ke turawa, domin da motar ta zo sai ta karɓe musu lodi. Galibin tsofaffin nan ƙirar Peugeot ne. Samfurin 404 ya fito a Faransa cikin 1960, 504 cikin 1968, mai buɗaɗɗen bayanta kuma cikin 1979. Abin da ya yawaita Peugeot a Arewa shi ne masana'antar da ta soma harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna cikin 1975. An daɗe da daina ƙera su, amma ciniki bai mutu ba.

Da wuya ka sami guda ɗaya yadda Bature ya ƙera ta. Mai walda ya ɗora mata kejin ƙarfe don a jibga buhunan gero da dawa, ko ƙoren Gummi waɗanda ba su da nauyi amma su na cin wuri. Makaniki ya ƙara mata ganyen sifirin, mai fenti ya zana furanni da kirari a ƙeya. Wata ma injin da ke cikinta ba nata ba ne. Turawa su ma sun yi irin wannan, gama wani kamfani a Faransa mai suna Dangel ya riƙa juya 504 ta koma mai ja da ƙafa huɗu. A can yanzu masu son kayan tarihi ke sayen irin waɗannan, su kuwa sun fi daraja wadda ba a taɓa ba. A nan akasin haka ne, mai sayarwa ya kan lissafa kowane ƙarfe da ya ƙara ya ɗora a kan kuɗi.

To, a nan ne malami ko akawun da ya ajiye aiki, ya karɓi ɗan garatutinsa ya na neman abin sana'a, ya kamata ya buɗe ido. Motar an yi ta ne don kayan da bai wuce ton guda da 'yan kai ba. Ƙarin sifirin ya na hana ta durƙusawa, amma ba ya ƙara wa shasi ƙarfi, ba ya ƙara wa birki. Saboda haka mota mai tudun sifirin shaida ce ta cewa an daɗe a na yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, ta na gangara kwazazzabai da fadamun Gulbin Zamfara. Mai saye ya zo da makanikinsa, ba na dillali ba, a shiga ƙarƙashi a duba shasi ko ya taɓa karyewa an yi masa walda. A tayar da inji da sanyin safiya tun bai ɗumama ba; shuɗin hayaƙi alama ce ta inji mai shan baƙin mai. Sabon fenti kuwa, a ganinmu, abin tuhuma ne, don sau da yawa tsatsa ya ke rufewa. Kayan gyara a kan nemo su a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, tafiyar kuwa kuɗi ce, a sa ta cikin lissafi.

Sa'an nan sai takardu, waɗanda ma'aikaci ya fi kowa sanin muhimmancinsu. Lambar shasi da ta inji dole su dace da abin da ke rubuce. In an sauya inji, a nemi rasit ɗin wanda a ka sa, in ba haka ba wata rana a tsare mutum a shingen 'yan sanda da zargin kayan sata, ga shi kuwa sha'anin tsaro ya sa bincike ya yi tsanani a hanyoyin yammacin Zamfara. A kuma je ofishin lasin a mai da sunan mai ita.

Dillali ya na da la'adarsa, amma a yanke ta tun kafin mai mota ya ce ya sallama. A fiƙihun Malikiyya wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, in ya ɓoye kuwa mai saye na da ikon mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. Sai dai alƙali ba ya hukunci sai da hujja. Don haka a rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu, a ambaci kowane gyara da a ka yi wa motar da sunansa, keji ne, sifirin ne, ko inji, kowa ya sa hannu ya riƙe kofe guda.